Kujeru Uku Zuwa Madadeni

KwaMdoni, kusa da Ballito
Maris, 2007

Zuwa ga Mkhulu, wato Kaka, Velaphi Cele,

Ndosi, in kira ka da kirarin gidanku, ka gafarce ni da na ɗauki alƙalami na rubuto maka ba tare da ka neme ni ba. Mai yiwuwa ko fuskata ba ka tuna. Ni ce Khethiwe, 'yar marigayi Sibonelo, jikar yayarka MaCele. Sau ɗaya muka haɗu, a jana'izar babana. Ni ce yarinyar da ta zuba maka ruwan wanke hannu har ta jiƙa maka takalmi. Yanzu ina aji na goma sha ɗaya, baɗi zan rubuta jarrabawar fita.

Ina fatan kana lafiya, da kai da mutanen Madadeni. Mu ma lafiya. Gogo, yayar taka, dai gwiwoyinta na damunta idan hadari ya haɗo, amma tana cin abinci, tana zuwa coci. Mama tana Durban wurin aiki, sai ƙarshen wata take zuwa. Gwazar bayan gida ta yi kyau bana.

Abin da ya sa na yi ƙarfin halin nan shi ne, ranar Asabar wata mata ta zo cikin jar mota, ta tsaya a bakin shinge tana ɗaukar gidanmu hoto. Gogo ta fito da tsintsiya a hannu ta ce, "'Yar nan, ba mu yi biki ba, ba a yi mana mutuwa ba, hoton me kike ɗauka?" Matar ta ce ita dillaliyar gidaje ce, mai gidan ne ya aiko ta. Gogo ta nuna mata zagayayyen ɗakin magabata da ke baya ta ce, "Mai gidan yana can ciki, shi da matarsa. Kullum ina share musu, bai taɓa ce mini ya aiki kowa ba." Matar ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Daga nan ta ambaci sunanka, sai Gogo ta koma ciki. Ranar ba ta ci komai ba sai shayi.

Na roƙe ta ta rubuto maka, ta ce ita ba ta aika wa ƙaninta takarda kamar wani ofishin gwamnati, wanda ta goya ya san hanyar gida. Mama kuma ta ce ita suruka ce, ba ta da baki a maganar gidan Cele. An ce mini ba ka amfani da waya saboda kunnenka. Shi ya sa ya rage sai ni.

Mkhulu, na san sunanka ne a takardar gidan tun bayan rasuwar babanku, kuma ni yarinya ce, na san duk abin da babba ya yanke don alherinmu ne. Ina so ne kawai in sani, da gaske sayar da gidan za a yi? Idan haka ne, ina za mu?

Ka yafe mini idan na yi kuskure a magana.

Jikarka,
Khethiwe Mzimela

*

Madadeni, Newcastle
Afrilu

Mzukulu, jikata mai jiƙa takalmi,

Na tuna ki sarai. Takalmin nan bai sake komawa daidai ba, har yau idan na taka yana kuka. Na gode da gaisuwa. Ni lafiya lau, ban da kunnen hagu da na bar wa masana'antar ƙarfe, da ƙirji da ke tsoron hunturu.

Rubutunki ya yi kyau, kuma na ji daɗi da na ga akwai mai hankali ɗaya a gidan nan. Kin ce duk abin da babba ya yanke don alherinku ne. Na ja layi a ƙarƙashin maganar nan, na karanta wa abokaina a wurin karɓar fansho. Da yayata ta yi irin karatunki da mun gama tuni.

Ga yankin jarida nan na sa miki, ki karanta wa kakarki Sisi Zodwa a hankali, ki maimaita inda ta yi kamar ba ta ji ba. Sun jera lardinmu yanki yanki. Wajenku, gaɓar arewa, gidaje sun haura kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda, saboda masu kuɗin Johannesburg da ke son jin ƙarar teku, da filin jirgin da za a gina. Gaɓar kudu ana ta ciniki amma farashin bai yi wannan hauka ba. Tsakiyar Durban masu hali suna ta kwashe kaya. Mu kuwa nan cikin ƙasa, Newcastle da Dundee da Ladysmith, farashi barci yake yi da minshari. Ko jariri ya ga abin yi: ka sayar inda ake tsada, ka saya inda ake araha.

Dillaliya ta ce filinku babba ne, za a iya samun rand dubu ɗari uku. Akwai wani gida a nan layinmu, ɗaki shida, da rufin tayil, da banɗaki a ciki. Sisi Zodwa ta daina jan gwiwa zuwa bayan gida cikin ruwan sama. Makarantu kuma muna da su, ba daji muke ba.

Ku dubi Khuzwayo maƙwabcinku, wanda muka yi kiwo tare. Ya sayar bara, an ce ranar da aka biya shi sai da ya zauna a ƙasa. Shi wawa ne?

Tun da kin amince, na gaya wa matar ta ci gaba. Ki lallashi kakarki.

Kakanki,
V. Cele

*

KwaMdoni
Mayu

Ndosi,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan ƙirjin ya yi sauƙi. Gogo lafiya, sai dai barci ya ƙaurace mata. Ni ma ina mura, amma ba komai.

Mkhulu, ban amince ba. Ladabi na yi, kamar yadda aka koya mana a buɗe wasiƙa ga babba. Da ka karanta layin da ke biye da ka ga tambaya na yi. Yanzu Gogo ta ji cewa ni ce mai hankali ɗaya a gidan, kuma tun ranar idan za ta aike ni sai ta ce, "Mai hankali, miƙo mini gishiri."

An kafa allon sayarwa a bakin ƙofa. Duk Asabar mutane na zuwa. Ba sa sallama yadda ya kamata, suna buɗe ƙofofi, suna ƙwanƙwasa bango. Wani ya shiga ɗakina ina karatu, ya ce wa matarsa nan ne za a fasa a yi wurin ajiye mota. Wata ta tambayi Gogo ko ita ce mai aikin gidan. Wani kuma ya nufi ɗakin magabata da takalminsa, yana cewa wannan zai yi kyau a gasa nama a ciki. Gogo ta tare ƙofa ta ce, "Shiga mana, ɗana. Surukan gidan ma sai sun rufe kafaɗa suke shiga, amma kai na ga ka fi kowa, shiga ka gaya wa babana da kanka." Bai shiga ba.

Na karanta mata jaridar har sau biyu. Da na zo wurin kashi ɗaya cikin huɗu ta ce, "Wane kashin ne ya ƙaru? Ni ɗakuna huɗu na sani, na ƙirga yau da safe, suna nan huɗu." Na yi mata bayani kamar yadda malaminmu na tattalin arziki yake yi, ta ce to in tambayi malamin ko farashin zai toshe mata yoyon kicin.

Game da Baba Khuzwayo, ban san ko wawa ne ba. An rushe gidansa, an yi ɗakunan haya masu hawa biyu, tagoginsu suna kallon inda muke shanya. Shi kuma tun da ya tafi ba wanda ya gan shi, ko a coci.

Ga saƙon Gogo, ta sa na maimaita mata shi kafin in rubuta, don kada in sa masa ladabi. Ta ce takarda taka ce, ba ta ja. Amma babanku da mamarku ba a bar su a maƙabarta ba, an dawo da ruhinsu gida da reshen magaryar kura, suna ɗakin baya, kuma ba za a sayar da su tare da kwanon rufi ba. Ta ce kai ne ɗa namiji. Ka zo ka yanka akuya, ka ƙona turaren ganye, ka gaya musu inda za ka kai su. Ka ɗauke su a reshe, ka biya musu kujera a mota, ka faɗa musu sunan kowane kogi da za ku ƙetare, ba ka waiwaya, ba ka magana da mai rai har ka rataye reshen a sabon wuri, in ka yi magana sun zube a hanya. Idan suka isa, ita ma za ta ɗaure kayanta ta bi iyayenta ba musu. Idan ba su isa ba, a cire mata allo.

Da ta gama ta yi dariya, karo na farko tun zuwan jar mota. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Velaphi ne fa. Yaron da aka taɓa fitarwa daga jana'iza saboda surutu."

Ni ba dariya nake yi ba, Mkhulu. Darussan da nake ɗauka ba kowace makaranta ke da malamansu ba, kuma ba a son mutum ya canza makaranta a shekarar ƙarshe. Don Allah ka amsa da wuri.

Jikarka,
Khethiwe

*

KwaMdoni
Ƙarshen Yuni

Ndosi,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya.

Ban ji daga gare ka ba. Kullum na taso makaranta sai na biya ta akwatin gidan waya, ba komai sai takardar kuɗin ruwa. Ban sani ba ko saƙon Gogo ne ya ɓata maka rai, ko wasiƙar ce ta ɓata, ko ni ce na yi rashin kunya. Idan ni ce, ka yi haƙuri, amma ka amsa.

Dillaliya ta ce ta samu mai saye na gaske, wani mai gina ɗakunan haya, kuma ya ƙara a kan abin da aka faɗa da farko. Ta ce da ni, "Ku yi murna, unguwarku ta shiga kasuwa." Gidaje uku a layinmu sun samu allo bayan namu. Matan coci sun daina tambayar juna lafiyar yara, sai "Ke nawa aka taya naki?" Wata ta ce wa Gogo ta yi sa'a, Gogo ta ce, "Ƙwarai, na kwanta talaka na tashi mai kuɗi, ga shi ko sukari babu a gwangwani."

Ta hana a shuka wake bana, wai ba za ta noma wa baƙo ba. Ta kuma hana a sa kaya a kwali, wai ba inda za ta. Ni ina tsakiya, ban san ko in saya wa kaina littattafan baɗi ba.

Jikarka,
Khethiwe

*

Madadeni
Yuli

Mzukulu,

Wasiƙunki biyu na same su tare, a ƙarƙashin ƙofa, ranar da aka sallamo ni daga asibiti. Ƙirjin ne ya kwantar da ni, sanyin nan namu ba ya wasa. Kada ki gaya wa kakarki, za ta ce ga garin da nake son kai ta. Yanzu na warke, ina cin tuwo da kindirmo kamar saurayi.

To na ji, ba ki amince ba. Ku 'yan makaranta sai ku yi wa mutum shimfiɗa mai laushi, ya zauna, sannan ku janye. Na goge layin da na ja.

Ki gaya wa Sisi Zodwa na karɓi sharaɗinta. Tana tsammanin na zama Bature don na karanta jarida? Ni na riƙe wa baffanmu turare ranar da aka dawo da Baba, ita tana can tana kuka a kicin. Na san koguna daga uThongathi har iNcandu, zan jera musu su kamar ɗan makaranta. Maganar jana'izar da aka fitar da ni kuwa, ina da shekara tara, kuma ita ce ta tsunkule ni.

Zan zo farkon Agusta. A nemo akuya mai kyau, ba irin ramammun da ake sayar wa baƙi ba. A dama giyar gargajiya. Ba na buƙatar ɗan rakiya da zai yi magana a madadina, zan biya direba kujeru uku tun kafin a tashi, ɗaya tawa, ɗaya ta Baba, ɗaya ta Mama. Na ce wa dillaliya mai sayen ya jira, ba zan sa hannu ba sai tsofaffi sun isa.

Ki fara koyon sa riga biyu.

Kakanki,
V. Cele

*

KwaMdoni
Agusta

Ndosi,

Ina gaishe ka, ina fatan ka isa gida lafiya, don ko wannan ba mu sani ba. Gogo lafiya ƙalau, har ta fi kullum. Ni ce kaina ke ciwo.

Bari in faɗi abin da na gani da idona, ka gyara mini inda na kuskure. Ka zo ranar Juma'a, ka yi magana tun daga bakin shinge har aka kwanta. Ka gaya wa maƙwabta farashin gidajensu ɗaya bayan ɗaya, har da na mai wa'azi. Ranar Asabar aka yanka akuya, aka ci, aka sha. Ranar Litinin da safe ka shiga ɗakin baya ba takalmi, na ji muryarka ta yi ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba. Ka fito da reshen a hannu, ƙayarsa ta kama maka hannun riga, ba ka ko tsaya cirewa ba. Ka wuce mu ba ka kalle mu ba. Gogo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce mini, "Tafi makaranta, idan kin dawo ki biya kanti ki roƙo mana kwalaye." A hanya na yi kuka, a aji ban ji komai ba.

Da na dawo da kwalaye a kai, na tarar da Gogo a gona tana shuka wake. Reshen yana rataye a saman ƙofar ɗakin baya. Kai kuma babu kai. Na tambaye ta, ta ce, "Ya dawo da su kafin azahar. Ya ce in ba shi ruwa, na ba shi, ya sha, ya tafi." Na ce me ya faru, ta ce ita ba ta tambayi namiji abin da ya sa idonsa ya yi ja.

A tashar mota kuwa kowa da nasa labarin. Direba ya ce ko gadar uThongathi ba ku kai ba ka buɗe baki, sannan ka ce a sauke ka. Masu sayar da ayaba sun ce gardamar farashin gidaje aka yi a motar, wani ya ce Newcastle ba ta da daraja, ka kasa haƙuri. Yaran ajinmu sun samu abin tsokana. Idan malami ya ce a yi shiru sai wani ya ce, "A ba Khethiwe reshe."

Mkhulu, ban san abin da zan ji ba. Idan gardama ce ta sa ka yi magana, to za ka sake sayen akuya ka dawo, mu sake yin kukan daga farko? Allon yana nan. Dillaliya ta zo sau biyu tana cewa mai sayen ya gaji, kuma kai ba ka amsa mata. Shugabar makarantarmu tana tambayar waɗanda za su dawo baɗi, ni kaɗai ce na ce ban sani ba, a gaban kowa. Gogo tana waƙar coci tana ban ruwa kamar an gama magana, alhali sunanka ne a takarda har yanzu.

Wannan karon ba zan yi shimfiɗa ba. Za ka sayar ko ba za ka sayar ba?

Jikarka,
Khethiwe

*

Madadeni
Satumba

Mzukulu,

Na isa lafiya. Na daɗe ban amsa ba don na fara wasiƙar nan sau da yawa ina yagawa. Ki gaishe da kakarki.

Masu ayaba ƙarya suke yi. Da gardama ce da na ci ta, kuma da na dawo na ba ku labari.

Na zauna a layin baya, reshe a kujerun tsofaffi, ina gaya wa Baba a hankali cewa ga gonakin rake, ga inda aka yi sababbin gidaje masu katanga. A Shakaskraal wani ya shigo da kakin masu gadi, ya zauna ta wajen kunnena mai ji. Khuzwayo ne. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya ga reshen, ya san ba a yi mini magana, don haka bai gaishe ni ba. Sai ya juya ga taga ya yi ta magana da gilashi.

Ya ce wa gilashin shi ma ya taɓa ɗaukar irin wannan reshe. Ya ce kuɗin gidansu da aka raba tsakanin 'yan'uwa biyar, nasa kason ya ɗauka ya tafi gaɓar kudu inda jarida ta ce akwai araha. Kafin ya gama zagaye, arahar ta tashi. Ya dawo nan, abin da ke hannunsa ko fili ba ya saye a unguwar da aka haife shi. Yanzu yana gadin ƙofa a ɗaya daga gidajen masu katanga. Ya ce iyayensa suna cikin akwati a ƙarƙashin gado tun bara, don bai samu ƙofar da take tasa ba da zai rataye su. Ya ce wani lokaci yakan buɗe akwatin ya ba su haƙuri.

Na riƙe bakina, mzukulu, na riƙe har muƙamuƙina ya yi ciwo. Sai na ji kaina na ce, "Khuzwayo, a ina kake kwana?" Kowa a motar ya juyo. Ya ce, "Kai, Ndosi, ka zubar da tsofaffi." Na ce na sani.

Ga abin da ban gaya muku ba. Gidan mai ɗaki shida an sayar da shi ina kwance a asibiti. Wani malamin makaranta daga Durban ya saya, shi ma jarida ya karanta. Sauran na layin sun ji ƙamshi, kowa ya ƙara. Na ce a raina idan kuɗi ya zo za a samu wani. Ni kuwa tun rasuwar matata a ɗakin haya nake, a bayan gidan wani. Can zan kai Baba da Mama, in rataye su a ƙofar mai gida, kusa da inda yake ɗaure karensa. Har na shirya abin da zan ce musu a kowane kogi, amma ban shirya abin da zan ce musu a bakin wannan ƙofa ba.

Na sauka, na ba su haƙuri a bakin titi, na ce mu koma. Kujeru ukun direba ya cinye, bai mayar mini ko sisi ba, ki gaya wa masu ayaba su ƙara wannan a labarinsu.

Ba zan sayar ba. Na rubuta wa dillaliya. Na kuma ga wani lauya a nan, ya ce ana iya sa sunan Sisi Zodwa kusa da nawa a takardar, don kada wani cikin 'ya'yana ya karanta jarida bayan raina. Ki gaya wa shugabarku kina nan. Allon kuma a cire, katakonsa mai kyau ne, kada a mayar musu.

Kada ki karanta wa kakarki sashen ɗakin haya.

Kakanki,
V. Cele

*

KwaMdoni
Oktoba

Ndosi,

Ina gaishe ka da dukan zuciyata. Ina fatan zafi ya fara shigowa wajenku, ƙirjin ya huta. Gogo lafiya, Mama ta zo ta koma, tana gaishe ka a durƙushe. Wake ya fito.

Na gode. Na gaya wa shugaba ina nan, na kuma sayi littafin lissafi na baɗi daga wata da ta gama.

Dole in faɗa maka, na karanta wa Gogo wasiƙar duka. Na yi niyyar tsallake sashen da ka ce, amma ta lura na yi shiru a tsakiya, ta ce, "Mai hankali, idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Koma baya." Na karanta har ƙarshe. Sannan ta ce, "Shekara nawa yana kwana a bayan gidan wani, yana aiko mini da jarida?" Ta yi ta faɗa har yamma, ta zage ka, ta zagi 'ya'yanka, ta zagi Newcastle da sanyinta. Washegari ta sa na kwashe buhunan masara daga ɗakin babana, na wanke ƙasa, na sa labule.

Allon yana jikin akurkin kaji, ya toshe inda muzuru ke shiga. Dillaliya ta zo karɓa, ta kuma zo da sabon farashi da ya fi na da. Ta ce, "Mama, baɗi fa ba lallai a samu haka ba." Gogo ta ce, "To ki dawo baɗi ki gaya mini nawa na yi asara, zan dafa miki shayi." Gidaje biyu a layinmu an sayar, ana ta fasa bango tun safe, ƙura har cikin tukunya. Ina karatu da auduga a kunne.

Ranar Lahadi mun je har ƙofar da Baba Khuzwayo yake gadi, da kwanon gwaza. Gogo ta ce masa ya zo coci, kujerarsa tana nan. Ya ce zai duba ranar hutunsa.

Ga saƙonta, ba ladabi a ciki. Ta ce ɗaki yana nan, ba haya, amma mai shigarsa zai gyara yoyon kicin, kuma ba a karanta jarida a kan tebur. Ta ce wannan karon kujera ɗaya za ka biya, kuma ka yi surutunka tun daga Madadeni har gida, ba wanda zai zube.

Mkhulu, maganar gida ta ƙare, don haka ba ni da sauran dalilin damunka. Amma na saba biyawa ta gidan waya. Idan ba za ka ga rashin kunyata ba, ka ba ni izini in sake rubuto maka, ko da ba abin da za a sayar, har ranar da za ka zo in zuba maka ruwan wanke hannu. Na iya yanzu.

Jikarka,
Khethiwe Mzimela